Girgiza sanda ba ta gyara sautin da ya kauce

Babu shawarar da ta ba ni haushi a koyon jitar ƙarfe mai feda, wadda Amurkawa ke kira pedal steel, kamar wadda ake ba kowane ɗan koyo: wai in ba ka tabbata sandarka, wato guntun ƙarfen da ake zamewa a kan tsirkiyoyi, ta sauka daidai ba, ka ɗan girgiza ta, kunne ba zai kama ba. Kunnenka ne kaɗai ba zai kama ba, kai da ke zaune a bayan jitar. Na'urar naɗar sauti ba ta yi wa kowa wannan kara. Ranar da aka ɗora kiɗana a kan fiyano a sutudiyo aka sako mana, duk dogon sautin da na riƙe lilo yake yi a ƙasa da inda ya kamata, kuma girgizar da na dogara da ita ce ta ƙara tona asirin. Aka goge aikin, kuɗin ɗaki kuwa an riga an biya.

Layukan da ke kan allon wannan jita zane ne kawai, tsirkiya ba ta taɓa su. Sanda ita ce ke yanke tsawon tsirkiya, don haka tsakiyarta ce za ta zauna a kan layi cif. Wanda ya fito daga jitar hannu ya saba danna yatsa a bayan layi, kuma hannunsa zai ci gaba da ajiye sanda a nan ba tare da ya sani ba. Kuskuren yana da ma'auni. A jita mai tsirkiyar inci 24, wato kusan milimita 610, kaucewar milimita 1 a layi na 3 tana sauya sauti da kusan kashi 3 cikin 100 na tazarar layi guda. A layi na 12 ta kusa kashi 6, a na 15 kusan 7. Milimita uku a can sama sun isa mawaƙi ya juyo ya harare ka. Ido ma yana yaudara, saboda tsirkiyoyin suna sama da allon, kai kuma daga gefe kake hango layukan farko. Shi ya sa nake saita cibiyata wajajen layi na 15 duk lokacin da na zauna, kujera ɗaya, tsayi ɗaya. In wurin zama ya sauya, abin da ido ya haddace ya tashi a banza.

Sandar da aka fi amfani da ita a jita mai tsirkiya 10 tana da kaurin inci 7/8, tsawonta ya ɗan haura inci 3, nauyinta wajen giram 240. Babban yatsa da na tsakiya ne ke riƙe ta a gefe da gefe, manuniya ta kwanta a samanta. Sauran yatsu biyun suna kwance a kan tsirkiyoyi ta bayan sanda, suna bin ta duk inda ta je, don kashe kukan da ɓangaren baya ke yi. Ɗaga su kaɗan ka ji wani siririn amo yana bin kiɗanka a baya. Kan sandar mai zagaye ya tsaya a kan tsirkiya mafi nisa da kake kaɗawa, kada ya wuce. Dannawa kuwa daidai yadda zizar tsirkiya za ta ɗauke, shi ke nan. Ka ƙara ƙarfi, tsirkiya ta miƙe, sauti ya hau sama, kuma ba duka za su hau daidai da juna ba tunda kaurinsu ya bambanta.

Yanzu girgizar kanta. Abin da ya kashe mini wancan aikin shi ne tawa ɓari guda take tafiya: daga layi ta ja baya ta dawo, ta ja baya ta dawo. Kunnen mai sauraro tsakiyar lilon yake ɗauka a matsayin sautin, tsakiyar tawa kuwa tana ƙasa da layi. Dole sanda ta je gaba gwargwadon yadda ta je baya. Na fi samun haka da mirgina ta a ƙarƙashin manuniya, maimakon goga ta a kan tsirkiya. Mirginawa ba ta ƙarar gogayya, kuma yatsun bayan nan biyu suna nan a kafe kamar turke, sanda ta tafi ta dawo gida. Akwai gwanayen da goga ta suke yi kuma abin ya yi kyau, ban musa ba, amma su sautinsu ya riga ya zauna kafin su fara motsi. Faɗin girgizar ma ba ɗaya ba ne ko'ina: wadda ta yi daɗi a layi na 3, in ka kai ta na 15 yadda take, ta ninka. Sai ka rage ta rabi.

Kada ka fara ta da bugun farko. Kaɗa, bar sautin ya tsaya cak a ji shi, sa'annan girgiza ta shigo a hankali lokacin da yake mutuwa, ƙafar dama kuma tana ƙara danna fedar ƙara don ta raya shi. Saurinta ya bi bugun waƙar. A waƙa mai sanyi lilo uku a kowane bugu ya wadatar. Wadda ta fi haka sauri tana fita kamar rawar ɗari, kuma yawanci daga kafaɗar da ta sandare take zuwa. Mu nan Najeriya mun san amon wannan jita ta hannun Demola Adepoju a ƙungiyar King Sunny Ade, kuma ko a cikin kiɗan juju mai cike da ganguna, in sanda ta kauce ba ta ɓuya.

Wuri guda ne nake barin layi da gangan. A saitin tsirkiyoyi da ake kira E9, in ka haɗa fedar A, ɗaya daga fedojin ƙafa da ke ɗaga sautin wasu tsirkiyoyi, da abin gwiwar da ke ɗaga tsirkiya ta 4 da ta 8 daga E zuwa F, haɗin yakan fito ƙasa kaɗan, saboda yadda ake sassauta saitin don sautuka su daɗaɗa da juna. A nan sai ka tura sanda gaba da layi kaɗan, girgizar kuma ta zagaye wannan sabon wurin.

Atisayen da ya gyara mini hannu ba shi da armashi ko kaɗan. Kunna sautin G mai ɗorewa a waya ko a fiyano. Ajiye sanda a layi na 3, kaɗa tsirkiya ta 4, ta 5 da ta 6, babu feda, babu girgiza ko ɗigo. Saurari karkarwar da ke tashi tsakanin sautinka da nasa, ka matsa sanda har ta lafa. Zame zuwa layi na 10 da feda A da B a danne, sa'annan na 15 ka sake su, duk G ne. Ka naɗi kanka, ka saurara washegari da kunnen da ya huta. Sai ka iya sauka wuraren nan uku ido a rufe za ka ƙara girgiza, kuma ka sake naɗa, domin a nan ne ja da bayan ke dawowa.