Ranar da na ja wa wata tsohuwa carbi a Dharamsala

Lokacin da nake karatu a Indiya ɗan ɗakinmu ɗan Tibet ne, shi ya ja ni hutu wajen danginsa a McLeod Ganj, can saman Dharamsala inda Dalai Lama, jagoran addinin Buddha na Tibet, ke zaune tun 1960, shekara ɗaya bayan ya gudo daga Tibet. Sanyi kam ba a magana.

Kakarsa ce ta ɗaure min kai. Tun asuba bakin tsohuwar nan ke motsi, tana haɗa shayinsu mai gishiri da man shanu tana yi, tana shara tana yi, wata mantara ce, wato kalmomin da mabiya addinin Buddha ke maimaitawa a ibada, om mani padme hum, kodayake a bakinsu om mani peme hung za ka ji. Gaɓa 6 ce kacal, ta Chenrezig ce, wani da suke girmamawa a addininsu, wanda suke dangantawa da tausayi.

Na fito fili na ce ni fa Musulmi ne ba zan furta ba. Ko a jikinta, sai ta miƙo min carbinta, mala suke ce masa, ta sa jikan ya fassara min wai in riƙa ja ita tana faɗa. Ƙwaya 108 ne amma zagaye ɗaya 100 suke lissafawa, sauran 8 ɗin na cike gurbin kuskure ne. Na ce a raina wannan ai aikin yara ne, mu da muka tashi da carbi a hannu.

Wallahi ban kai 30 ba tunanina ya tafi kuɗin makaranta da yadda dala ta tashi, yatsana na ta ja shi kaɗai har na wuce ta, ita ko idonta a rufe amma ta gane, ta ɗan taɓa min gwiwa muka koma farko. Sau uku ana haka. Da ƙyar na kai babbar ƙwayar nan na zo zan tsallake, sai ta kama min hannu, ashe ba a ƙetare ta, juya carbin ake a dawo ta baya. Abokina na ta dariya, wai akwai mantarar da ake yi sau 100,000 kafin malami ya kai mutum gaba.

Yanzu bayan sallah in na ɗau nawa carbin, 33 ɗin nan da nake gamawa kamar ana kora ta, nakan kama kaina wajen na 12 ko 13 na tafi kasuwa, sai in koma farko.