Taya ɗaya, hanya biyu

Daga ƙofar gidana zuwa gona tafiyar kilomita 46 ce. Kilomita 41 kwalta ce lafiyayya, sauran 5 ɗin kuwa hanyar ƙasa ce wadda da rani ba na ko tunawa da ita. Amma da zarar ruwa ya sauka sau biyu ko uku a jere, sai ta rikiɗe ta koma jar laka mai danƙo. Waɗannan kilomita 5 su suka sa na canja wa a-kori-kurata tayoyi har sau biyu cikin shekara uku, kuma a canjin farko haushi ne ya yi mini zaɓi.

Motar ta zo da tayoyin kwalta, masu alamar H/T a gefe. Ban taɓa duba su ba, don ba su taɓa ba ni dalili ba. Ba ƙara, ba jijjiga, mai kuma yana auki. Sai ranar da na ɗauko buhunan taki, na shiga wani ɗan kwari da ruwa ya kwanta, motar ta tsaya cak. Na sa giyar ƙafa huɗu, na taka totur, tayoyi suna ta juyawa, mota ko motsi. Da na sauko na duƙa, sai na ga zanen tayar ya ɓace gaba ɗaya. Laka ta cike kowace tsaga ta lafe, tayar ta koma sumul kamar an yaɓe ta da hannu. Laka ce ke gogar laka, ina za a sami riƙo?

Wani dattijo mai tarakta ne ya zo ya jawo ni. Yana kwance sarƙa ya ɗan harbi tayar da ƙafa ya ce, "Ɗana, ai takalmin zuwa ofis ka sa wa motar nan."

Na ce, "To Baba, wace iri zan nema?"

Ya ce, "Wadda ke tofar da laka."

Maganarsa daidai ce, ni ne na ɗauke ta da zafi. Abin da ke sa taya ta yi tafiya a laka shi ne faɗin ramukan da ke tsakanin haƙoranta. In ramukan suna da faɗi da zurfi, kuma a buɗe suke ta gefe, juyawar tayar kan watsar da lakar da ta kwasa, haƙoran su sake cizon ƙasa a zagaye na gaba. In ramukan sirara ne, lakar ta shiga ke nan. Da wannan ɗan ilimin na je na sayi tayoyin laka zalla, masu alamar M/T, haƙora gaɓa-gaɓa kamar na tarakta. Motar ta yi kyau kuwa, ba zan ɓoye ba, har nakan waiwaya in sake kallonta bayan na faka.

A laka sun yi abin da aka saye su don shi. Kwarin nan da ya tsare ni na ratsa shi ko giya ban canja ba. Matsalar ita ce kafin in kai kwarin sai na yi kilomita 41 a kan kwalta, in kuma sake yin su a dawowa. Da na kai gudun 70 zuwa 80 sai wani gurnani ya taso daga ƙasa ya cika motar, rediyo ma sai na ƙure murya. Mai ya riƙa ƙarewa da wuri, don tayar ta fi nauyi, kuma manyan haƙoran suna lanƙwasawa suna cin ƙarfin inji. Duk wannan na haƙura da shi. Abin da ban haƙura da shi ba ya faru ne wata rana da yamma ana yayyafi, wata babbar mota ta ci birki a gabana. Na taka nawa, feda ta riƙa karkarwa a ƙarƙashin ƙafata, motar kuma tana ta sulalewa. Na tsaya ina iya karanta ƙananan rubutun da ke jikin bayan motar can. Garin neman gira na kusa rasa ido.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tayar laka rabinta rami ne, don haka robar da ke taɓa kwalta kaɗan ce. Kuma yawancinsu ba su da siraran tsagogin nan masu kama da yankan reza da ke kan haƙoran tayar kwalta, waɗanda su ne ke share ruwa su kama jiƙaƙƙen titi. Ga shi ban riƙa juya su ba, na gaba su koma baya, sai na gaban suka cinye a karkace, wani haƙori sama wani ƙasa, gurnanin ya ƙaru. Ya kamata a ce duk kilomita 8,000 zuwa 10,000 na juya su. Wannan laifina ne, ba na taya ba.

A karo na biyu sai na zauna da biro da takarda. Cikin kowace tafiya, kusan kashi 9 cikin 10 kwalta ce. Ragowar kashi ɗayan ma ba ya zama laka sai 'yan watannin damina, a cikin su ma ba kullum ba. Ashe na sayi taya ne saboda kwanaki ƙalilan, ina biyan farashinsu duk shekara. Lissafin ya nuna tsaka-tsaki, wato A/T, mai tafiya a kwalta da hanyar ƙasa duka, irin tayar da kamfanin BFGoodrich ya fara fitowa da samfurinta na radiyal (wato mai zaren ciki da ke tafiya daga gefe zuwa gefe) a 1976, yanzu kuma kusan kowane kamfanin taya yana da tasa.

Sai dai haruffan nan biyu suna yaudara. Akwai A/T da in ka cire sunan tayar kwalta ce kawai aka ɗan yi wa ado, akwai kuma wadda saura ƙiris ta zama ta laka. Na daina karanta suna, na koma duba kafaɗar taya, wato gefen da zanen ya gangaro. Nakan zura yatsa a ramin da ke tsakanin haƙoran kafaɗa. In ɗan yatsana ya shiga ya fita ta gefe ba abin da ya tare shi, laka ma za ta sami mafita. In wata 'yar katangar roba ta rufe bakin ramin, wannan ta kwalta ce ko me aka rubuta mata. Sannan in duba tsakiya, ina son haƙoran su matsu da juna, da siraran tsagogi a kansu, don nan ne shirun kwalta da birkin ruwa suke. Tsakiya ta titi, kafaɗa ta gona, abin da na nema ke nan.

Rubutun gefen taya ma sai a lokacin na koyi karanta shi. Tawa 265/65R17 ce: faɗi milimita 265, tsayin gefe kashi 65 cikin 100 na faɗin, rim inci 17. Lambar da ke biye ita ce ta lodi, 112 tana nufin kilo 1,120 a kan taya ɗaya, harafin T kuma gudun da bai wuce kilomita 190 a awa ba. Mai sayarwa ya so in ƙara faɗi, wai mota za ta fi tsayuwa. Na ƙi. Lakar hanyata tana da ƙasa mai tauri a ƙarƙashi, taya mai matsakaicin faɗi ta fi yanka ta isa can, mai faɗi kuwa sai ta yi ta iyo a sama. Da a ce fadama ce mai lutsawa ba iyaka, da maganarsa ta fi tawa.

Na ɗauki mai alamar LT, wadda aka yi don motocin lodi, gefenta ya fi kauri, kututturen da aka sare a bakin gona ba ya saurin huda ta. Su ma hawa-hawa ne, akwai C da D da E, kuma E ce mafi tauri a cikin ukun, tana ɗaukar iska har psi 80 (psi shi ne awon matsin iskar taya). Mutane na son E don jin cewa ita ce ƙarshe, amma motar da rabin tafiyarta babu kaya a baya tsalle kawai za ta riƙa yi da kai. Na tsaya a wadda lambar lodinta ba ta gaza abin da aka rubuta a takardar jikin ƙofar direba ba. Na kuma duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT a gefen taya, masu nuna lokacin da aka ƙera ta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, don roba tana tsufa ko da a ajiye take. Biyar na saya har da safaya, saboda motar ƙafa huɗu ba ta son taya ɗaya ta bambanta da sauran a girma.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne rabin aikin ba a taya yake ba, a iska yake. Yanzu in na iso ƙarshen kwalta na ga hanya ta jiƙe, sai in tsaya in rage iskar zuwa wajen psi 20. Tayar takan ɗan baje, tafin da take takawa da shi ya yi tsawo, kuma lanƙwasawar da take yi tana taimaka mata fitar da laka. Minti biyar ne. A dawowa kuwa dole in mayar da iskar kafin in hau titi, don taya mai ƙarancin iska a guje zafi take ɗauka har ta fashe. Saboda haka na sayi ma'aunin iska da ɗan famfo mai aiki da batirin mota. In bayan motar babu komai nakan jefa buhun yashi biyu ko uku daidai kan ƙafar baya, domin a-kori-kura nauyinta a gaba yake, bayanta wutsiya kawai yake kaɗawa a santsi. Totur kuma a hankali, giya ta biyu, ba tsayawa a tsakiyar caɓi.

Ba zan ce tayoyin nan sun kai na laka a cikin laka ba. A daminar da ta wuce an kwana uku ana ruwa, na iso bakin kwarin nan na sauko na soka sanda, ta nutse har ta wuce gwiwa. Na juya motar na faka a kan tudu, na naɗe ƙafar wando na ƙarasa da ƙafa. A hanya na ci karo da dattijon nan a kan taraktarsa. Ya dubi motar daga nesa, ya dubi ƙafafuna, ya ce, "Yau kuma kai ne tayar?"

Na ce, "Ni ne, Baba." Ya matsa mini wuri na hau.