Zaɓen kusurwar haske a gashin cutar kansa: abin da na gwada a kwamfuta

Cibiyar gashin cutar kansa (wato ƙona ƙari da haske mai ƙarfi) ta farko a Nijar a Yamai take, an buɗe ta a 2021. Mu a nan Maraɗi kwamfuta kawai muke da ita, kuma ta wadatar don koyon lissafin. Na yi aiki da matRad, manhajar kyauta ta cibiyar binciken cutar kansa da ke Haidalbag a Jamus, da samfurin gwaji TG-119: ƙari mai siffar harafin C ya kewaye wata gaɓa mai kama da laka, tsakaninsu rabin santimita kacal. Ana so kashi 95 cikin ɗari na ƙarin ya samu gire 50 (gire shi ne ma'aunin yawan hasken da jiki ya sha), ita kuwa gaɓar a kare ta.

Tambayar ita ce ta wace kusurwa haske zai shiga jiki. Kan na'urar da ke harba hasken yana zagaya majinyaci digiri 360. In aka yanka shi goma-goma, kusurwa 36 ke nan, kuma hanyoyin zaɓen biyar daga ciki sun kai 376,992. A ce kowane zaɓi minti ɗaya ake warware ƙarfin haskensa, kusan wata tara za a yi ana jira. In yankan biyar-biyar ne, adadin ya kai 13,991,544. Gwada duka ba magana ba ce.

Da farko na lissafa, sau ɗaya tak, yawan hasken da kowane ɗan yankin haske mai faɗin milimita 5 ke kai wa kowane ɗigon jiki, a duk kusurwa 36, na adana. Nan ne ma'ajiyar kwamfuta ke shaƙewa. Na mayar da ragar lissafi, wato tazarar ɗigogin jikin, milimita 5 lokacin bincike, sai a ƙarshe na koma 3. Kowane zagaye a adana sakamako, don a bazara wuta na iya ɗaukewa cikin dare.

Sai zaɓen ɗaya bayan ɗaya: a ɗauki kusurwar da ta fi rage makin kuskure (lambar da ke nuna yadda tsari ya kauce wa abin da ake so), a riƙe ta, a nemo mata abokiya, har biyar. Warwarewa 170 ke nan kawai. Aibinsa, kusurwar farko an zaɓe ta ne ita kaɗai, in sauran suka zo ba lallai ta ci gaba da dacewa ba. Shi ya sa na bi da musanya: a gusa kusurwa ɗaya digiri 10 hagu ko dama, in maki ya sauka a karɓa.

A nan aka fi yaudarata. Lissafin kamar fili ne mai kududdufai da yawa. Wanda ya fi kusa shi ake faɗawa, a zauna, alhali rijiya mai zurfi na can gaba. Da na sauya mafari, wata amsa dabam ta fito. Dole a tashi daga wurare da yawa, ciki har da kusurwoyin da suka fi kusa da rabon daidai na 0, 72, 144, 216 da 288, ko a riƙa karɓar ɗan koma-baya jefi-jefi don a fita daga ramin.

Ƙa'ida biyu na ƙara da hannu. Kada kusurwa biyu su matsu ƙasa da digiri 20, in ba haka ba sai su cunkushe gefe guda, naman da ke ƙarƙashin fata a mashigarsu ya sha haske fiye da kima. Kada kuma biyu su fuskanci juna, don kusan hanya ɗaya suke bi. Dalilin da ake son adadi mara ke nan. Kwamfuta ba ta san ƙarfen gado ko hannun majinyaci ba sai an gaya mata.

Ƙaramin maki ba shi ne tsari mai kyau ba. Sai na duba zanen rabon haske da yankan hoto ɗaya-ɗaya, na ga inda ya taru a wajen ƙarin. Da kusurwa biyar, zaɓen ya rage wa gaɓar haske a fili. Da tara a tazarar digiri 40, yadda TG-119 ya tsara, ribar ba ta taka kara ta karya ba, ban ƙara ɓata dare a kanta ba.