Daga Jamus: Ku Daina Tambayata Me Za a Aiko Mini

Jama'ar gida, sallama. Lafiya lau nake. Batun sanyi da karatu da na yi alkawari, sai wata wasiƙar.

Kusan kowa ya kira ni sai ya ce, "Me za mu ba mai tahowa ya kawo maka?" To, kada ku ba kowa ɗanyen abu. Bara da na dawo, Inna ta cusa mini ɗinya da 'ya'yan kuka uku a jaka. A filin jirgi wani ma'aikaci ya ɗauki guda, ya kai kunne yana girgizawa, guntsun na ƙara a ciki, sannan ya nemi takardar shaidar lafiyar tsirrai. Ni ban taɓa jin ɗan kuka na da takarda ba. Ashe tun Disambar 2019 Tarayyar Turai ta hana shigo da ɗanyun 'ya'yan itatuwa ba wannan takarda, in ban da guda 5: ayaba, abarba, kwakwa, dabino da wani wai shi duriyan. Ina kallo aka jefa ɗinyar Inna a kwandon shara. Har yau ban gaya mata ba.

Abin haushin, bayan 'yan makonni na shiga wani kanti, sai ga farin garin 'ya'yan kuka da muke dama kwalba da shi, cikin 'yar leda mai ƙyalli, an jera shi da magungunan ƙara kuzari. Shi ma sai da ya yi zaman jiran takarda, don sai 2008 Turai ta yarda a sayar da shi a matsayin "sabon abinci". Sabo! Abin da kakanninmu suka tsotsa har haƙora suka mutu. Na saya, kuɗin kuwa ba zan faɗa ba, kada ku yi mini dariya.

Shi ya sa nake tuna yadda ake yi wa kukoki aski tas saboda miya. Kukar da ake tsige wa ganye duk shekara da wuya ta yi fure, furen kuma da dare yake buɗewa, jemagu ne ke kai masa barbara. In akwai kuka biyu a gona, a bar ɗaya ta yi 'ya'ya mana. Masu zuba guntsu a bola kuma, a jiƙa kaɗan a ruwan zafi a binne.

Sanyin dai, safa biyu nake sawa yanzu haka. Mai tahowa ya riƙo mini dabino kawai, shi ba ruwansa da takarda.