Abin da tef ɗin awo ya koya min a shekara uku

Ranar da na fara aiki da uwar ɗakina, mai sana'ar tsara cikin gida, ni fa na zaci yawon zaɓen labule za mu dinga yi da duba kalar fenti, har da sa takalmi mai tsini. Ta kalle ni sama da ƙasa ta ce "ƙanwata gobe ki zo da takalmin da ba kya tausayinsa", ta miƙo min tef ɗin awo da wani littafi duk ƙura, muka nufi wani gini da ko filasta ba a yi masa ba, bulo ne tsirara. Na ce Anti ai nan ba a gama ba, me za mu yi wa ado? Ta ce ai in an gama to mun makara. Sai da na yi wata da watanni kafin maganar nan ta zauna min.

Mutane da yawa, har da ni a lokacin, ɗauka suke mai tsara cikin gida wani ne da ake kira in an gama komai ya zo ya jera filo ya rataya hoto, shi ya sa suke ganin kuɗin da za a ba shi asara ne, wai ai kowa na da ido, ga Pinterest ga Instagram. To ido kam kowa na da shi, abin da ba kowa ya sani ba shi ne wace shawara ce sai an yanke ta kafin wata. Inda gado zai zauna shi ke nuna wa mai wayarin inda zai sa soket da makunnin fitila, inda za a yi wanke-wanke shi ke nuna wa mai famfo inda zai bi da bututu, kaurin tayil da simintin ƙarƙashinsa shi ke nuna wa kafinta tsawon ƙofa. Kowanne cikin ma'aikatan nan ya iya aikinsa amma nasa kawai yake kallo, in ba a faɗa masa ba zai sa abu inda ya saba sawa ya karɓi kuɗinsa ya yi gaba, kuma ba za ka ce ya yi laifi ba.

Akwai wani gida da aka kira mu bayan an gama fenti tsaf, har yau in na tuna sai na ji tausayin mutumin. Ya sayo gado ƙato mai kyau na gaske, da aka ɗaura sai soket biyun da ke ɗakin duk suka shige bayan allon gadon, ko waya ba za ka iya sa wa caji ba sai ka ja gado. Wadirob ɗin da kafinta ya yi kuma ya rufe makunnin fitila, in ka buɗe murfinsa na farko sai ya daki ƙofar ɗaki. Babbar kujerar da ya saya don falon sama kuwa ta ƙi juyawa a kwanar matakala, mutum huɗu suna gumi ana sama da ita, ƙasa da ita, ƙarshe a falon ƙasa ta kwana inda ba ta da wuri. Ya ce wa uwar ɗakina "Hajiya don Allah a san yadda za a yi", ta ce Alhaji za a yi amma sai an fasa bango. Aka fasa, aka ja sabuwar waya, aka sake filasta, aka jira ta bushe, aka sake fenti, kuma fentin faci ba ya taɓa zama ɗaya da na farko sai an shafe bangon gaba ɗaya. Abin da layi biyu da fensir a takarda zai gyara tun farko shi ya ci masa sati uku da kuɗin ma'aikata kashi uku.

Littafin nan mai ƙura da ta ba ni ashe lambobi ne a ciki, kuma ta sa sai na haddace su. Kantar kicin tsayinta wajen santimita 90, zurfinta 60. Teburin cin abinci 75, mazaunin kujerarsa 45, kuma a bar kamar 90 tsakanin bakin tebur da bango don mutum ya ja kujera ya tashi ba tare da ya matse ba. Wadirob in zurfinsa bai kai 60 ba hanga ba za ta zauna daidai ba, kaya za su dinga gogar murfi. Yadin labule ninki biyu na faɗin taga ko da ɗan ƙari, in ba haka ba sai ya tsaya a miƙe kamar zanin gado da aka shanya. Ba wai doka ce daga sama ba, jikin ɗan Adam aka auna aka fitar da su, shi ya sa in matar gida doguwa ce sosai mukan ɗaga kantar kaɗan don kar bayanta ya gane kurensa. Wannan tunanin ma ba yau aka fara shi ba, tun 1926 wata mai zanen gini 'yar Ostiriya, Margarete Schütte-Lihotzky, ta tsara wani ɗan ƙaramin kicin don gidajen da ake ginawa a Frankfurt ta Jamus, faɗinsa bai cika mita 2 ba tsawonsa kuma kamar mita 3.4, sai da ta yi nazarin taku da motsin mai aiki a kicin kafin ta ajiye kowane abu a wurinsa, aka yi irinsa kusan 10,000. Kicin mai kabad a jere a bango da muke gani yanzu jikansa ne.

Sai maganar haske, wadda ni ita ta fi ba ni mamaki. Wata mata ta kira tana faɗa wai mai fenti ya canja mata kala, ruwan madara ta zaɓa amma da dare bangon toka-toka yake kamar na asibiti. Muka je, uwar ɗakina ba ta ko kalli bango ba, ta ce in hau kujera in kwanto ƙwan fitila in karanta mata lambar da ke jiki. 6500K. Ta ciro wani mai 2700K daga jakarta aka ɗaura, nan take ɗakin ya koma yadda matar take so, har ta ji kunyar mai fentin da ta wanke tas. Ƙaramar lamba haske mai ɗumi ja-ja, babba kuma fari mai shuɗi-shuɗi, 4000K na tsakiya ya fi dacewa da kicin da wurin aiki. Tun ranar ban ƙara yarda a zaɓi fenti daga ɗan katin shago ba, sai an shafa faffaɗa a bangon ɗakin an kalle shi da safe da rana da dare.

Ni ma na tafka tawa fa. Aka ba ni lissafin tayil na wani banɗaki da farfajiyarsa, na auna daidai wa daida na ba da adadi cif, ina jin kaina wai na yi tsimin kuɗin mai gida. Na manta da wanda za a yanka a gefe da wanda zai fashe, alhali an sha faɗa min a ƙara kamar kashi 10 cikin 100. Saura kwali biyu aiki ya tsaya, aka koma shago aka samu irinsa sak, suna ɗaya lamba ɗaya, amma ba tare aka gasa su ba, lambar rukunin da ke jikin kwali ta bambanta, da aka shimfiɗa sai ga layi ya fito fili inda sabon ya fara. Uwar ɗakina ba ta min faɗa ba, cire shi ta sa aka yi daga aljihunta, wannan ya fi min faɗa ciwo. Amma a nan na ga wani amfanin da ba a cika faɗa ba, in akwai mai tsarawa to akwai wuyan da za a kama. In babu, mai tayil ya ce mai famfo ne, mai famfo ya ce birkila ne, mai gida ya tsaya a tsakiya da aljihunsa.

Kar kuma a ce ina tallar sana'armu ido rufe, a cikinmu akwai waɗanda gidan hoto suke yi ba gidan zama ba. Za ka ga an sa farar kujera mai laushi a gidan da ke da yara huɗu ƙanana, ko tayil mai sheƙi kamar madubi a banɗakin da tsohuwa za ta shiga, ko kabad ɗin MDF, wato katakon garin itace da aka matse, a ƙarƙashin famfo inda ɗigon ruwa kaɗan zai sa ya kumbura kamar ya sha yisti. Akwai kuma masu karɓar kamasho a shago a ɓoye su tura ka can ko da kayan ba su ne suka dace da kai ba. Don haka tun zaman farko ka tambaya yaya ake biyansa, kuɗi ne dunƙule, ko na awa, ko kaso daga kuɗin aikin, ko riba yake ɗorawa a kan kaya, duk ana yi kuma ba aibu ba ne in an faɗa a fili an rubuta. Ka kuma lura da wa ya fi magana. Uwar ɗakina awa guda takan yi tana tambaya kafin ta buɗe hoto ko ɗaya, mutum nawa ne a gidan, wa ke riga kowa tashi, ina kuke ajiye takalma in kun shigo, akwai mai ciwon gwiwa, a ina yara ke karatu. Wanda ya zo ya fara nuna maka abin da ake yayi tun bai san ko kai waye ba, gidansa zai tsara maka.

Kuma ba dole sai ka ba da aikin gaba ɗaya ba in ƙarfinka bai kai ba, ana biyan zama ɗaya ko biyu kawai a fitar maka da zanen inda kaya za su zauna da inda soket da fitilu da bututu za su bi, sauran ka bi a hankali ko shekara nawa zai ɗauka, labule dai ba ya guduwa.

Satin da ya wuce aka turo mana sabuwar yarinya mai koyon aiki, ni aka ce in fita da ita. Muna shiga ginin ta tsaya a bakin ƙofa tana ɗage siket saboda siminti, ta ce Anti ai nan ba a gama ba. Na miƙa mata alli na ce ta zana min gado a ƙasa, santimita 180 da 200, ta kwanta a ciki ta miƙa hannu ta nuna min inda take so ta kashe fitila.