Talata: Tsinke, Allo da Tayin da Ban Amsa Ba

Yau na makara shiga laccar safe, amma ban rasa wurin zama ba. Ina zan rasa? Mu sha ɗaya ne kacal a sashen koyar da yara masu buƙata ta musamman, alhali ajin da ke maƙwabtaka da mu har a bakin taga ake tsayuwa. Mu ashirin muka fara. Wasu sun sauya fanni, wasu sun ce wahalar ta fi ladan yawa.

Malaminmu ya sake ɗauko zancen Sanarwar Salamanka ta 1994, inda gwamnatoci 92 suka hallara a Sifaniya suka amince cewa yaro mai nakasa ya yi karatu tare da sauran yara a makaranta ɗaya. Ya haɗa da sashe na 24, wanda ya shafi ilimi, na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu nakasa. Sai ya ajiye alli ya ce, "An buɗe wa yaran ƙofa. To, wa zai tarbe su a ciki?" Ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ƙirga canji.

Da rana na wuce makarantar da nake koyarwar gwaji. Malamar da aka haɗa ni da ita ita kaɗai ta rage a ɓangaren. Abokan aikinta biyu sun ajiye aiki bara, har yau ba a cike gurbinsu ba. Na same ta tana cike takardun tsarin karatun kowane yaro, tana yi wa wani kurma magana da hannu, idonta kuma na kan ƙofa saboda wani yaro da ba ya jure hayaniya, yakan fice da gudu. Ta ce, "Ƙanwata, riƙe min wannan yarinyar, ku yi haruffa."

Yarinyar makauniya ce, shekararta tara. Na ɗauki allon rubutun makafi da tsinkensa ina ji da kaina, tunda na ci jarrabawar. Na haddace komai: ɗigo shida a kowane gida, alamomi 63, Louis Braille ya tsara shi a 1824 yana ɗan shekara 15. Abin da haddar ba ta sa min a hannu ba shi ne, da tsinke ta bayan takarda ake hudawa, daga dama zuwa hagu, kowane harafi a juye, don idan an kifa takardar ya karantu daidai. Na huda layi guda na miƙa mata. Ta ɗora yatsa, ta tsaya, ta koma baya, sai ta tuntsire da dariya.

"Malama, duk inda kike son e, i kika sa. Nan ma f ne, ba d ba."

Ta kamo hannuna ta ɗora yatsana a kan ɗigon, tana jan sa a hankali. Ni dai ban ji komai ba sai ƙuraje-ƙuraje. Kunya ta rufe ni. A kwaleji da na'urar buga rubutun makafi ta Perkins muka saba, mai maɓallai shida, wadda ba ta buƙatar juya komai. Nan kuwa guda ɗaya ce, ta lalace tun zangon farko.

Da aka tashi shugabar makaranta ta kira ni ofis. Ba ta yi kwana-kwana ba: in karɓi aji wata mai zuwa, in ƙarasa karatuna da yamma. Ta ce wurare da yawa haka suke yi yanzu, kuma da babu gara ba daɗi. Ban ga laifinta ba, yara take kallo ba malami. Albashin ma ba zan ce bai ja ni ba. Amma yatsan yarinyar nan nake ta ji a kan nawa. Yau ta gyara min saboda an riga an koya mata daidai. Wanda zai fara harafin farko a hannuna fa, wa zai gaya masa na juya?

Na ce ta ba ni zuwa Juma'a.

Malamar ta ara min allonta na zo da shi gida. Na huda shafi uku, na rufe ido na gwada karantawa. Layi biyu na iya, sai yatsana ya yi tsami.