Mai ya yi ɓarna, bakanike ya sha zagi

Duk wanda ya shigo ɗan ofishina a garejinmu na Sharaɗa, abin da yake fara tambaya shi ne robobin da na jera a kan kanta. Robobin ruwa ne, kowacce da ɗan man gas a ciki, na liƙa mata takarda mai kwanan wata da lambar mota. Wata man cikinta garau, wata ruwa ya kwanta a ƙasa kamar yatsa biyu, wata kuma kana buɗewa warin kananzir zai buge ka. Akwai guda ɗaya da laka ta zauna a gindinta, sai ka ce daga kogin Challawa aka ɗebo da damina. Dukansu daga tankin motocin mutane na zuƙo su, a gaban mai motar ko direbansa, kafin in ɗora sifana a kan komai. Ba a wajen koyo na samo wannan ɗabi'a ba, zagi ne ya koya mini ita.

Shekara tara na yi a wani babban garejin dillalan mota a nan Kano kafin in buɗe nawa. Ba zan kama suna ba, don na ci abinci a wurin, kuma yawancin abin da nake riƙe iyalina da shi yau a can na koyo. Ga daɓe mai sheƙi, ga na'urar ɗaga mota, ga rigar aiki, ga albashi ƙarshen wata. Abokaina na Ƙofar Ruwa da muka taso tare a gindin bishiya cewa suke na haye. Abin da ba su sani ba shi ne, a irin wannan wuri ba a barin ka ka yi gyara. Canji ake so. Kwamfuta ta nuna abu, ka kwance, ka je sito a ba ka sabo, ka ɗaura. In babu a sito motar ta zauna, ko da kuwa ka san wanki da saiti kawai abin yake buƙata.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ba na ganin direba. Wani ne a gaba yake karɓar mota, ya rubuta a takardar aiki "ba ta ja", shi ke nan a miƙo mini makulli. Ni kuwa rabin gyarana a bakin direba nake samunsa. A ina ka sha mai na ƙarshe? Da safe take yi ko sai ta ɗau zafi? Hayaƙin fari ne ko baƙi? Takarda ba ta amsa ko ɗaya. Sannan kowane aiki an yanka masa awanninsa a littafi, kuma wanda ya rubuta littafin sabuwar mota ya kwance, ba Hilux ɗin da ta shekara uku tana ɗaukar taki zuwa gonakin Kadawa ba. Na taɓa yin yini biyu a kan nozul guda ɗaya, wato bakin da ke fesa wa inji mai, da ya kafe a mazauninsa, baƙin gawayi ya riƙe shi kamar an yi masa walda. Ka matsa da ƙarfi ka fasa kan inji, ka bi a hankali foman yana tsaye a kanka yana duba agogo.

Ranar da ba na mantawa, wata Hilux ce ta wani kamfanin gine-gine. Na canza mata nozul huɗu sababbi dal, ta fita tana waƙa. Kwana goma sai ga ta an jawo ta da igiya. Manajansu ya shigo har wajen ramin aiki, inda ba a barin baƙi su shiga, ya tsaya a gaban yaran da nake koyarwa ya ce tsoffin kaya muka wanke muka mayar masa. Ban ce uffan ba, don ba ni da abin nunawa. Da yamma muka sauke tanki, ruwan da ya fito ya kusa cika bokitin alwala. Daga baya aka gano direban a jarka yake shan mai a hanya, ya kawo rasit na gidan mai. Ba wanda ya dawo ya ba ni haƙuri. Washegari na zo aiki da robar farko a aljihu.

Mutane da yawa ba su gane cewa injin gas na yanzu ba irin na iyayenmu ba ne. Tsohon 5L na Hilux, ko 1HZ na Land Cruiser mai silinda shida, jakuna ne. Famfon mansu na ƙarfe ne zalla, abin da ka ba su za su haɗiye su yi tari su wuce. Da aka zo kan 2KD da 1KD, waɗanda ake rubuta wa D-4D a jiki, sai lissafi ya canza. Famfo yana tara mai a bututu guda, ƙwaƙwalwar mota kuma, wato kwamfutarta, ita ke buɗe kowane nozul da lantarki. Matsin man da ke cikin bututun nan yana iya haura 1,500 a ma'aunin da tayar motar ba ta wuce 2 ko 3. Ƙofofin bakin nozul kuwa ba su fi kaurin gashin kai da yawa ba. Kuma man gas ɗin da kansa shi ne man shafawar famfon. In an sirka shi da kananzir santsinsa ya ragu, ƙarfe ya fara cin ƙarfe. In ruwa ne, tsatsa. Garin ƙarfen nan zai bi bututu ya shiga nozul duka huɗun, ya koma tanki, ya sake zagayowa. Ka canza nozul ba ka wanke tanki da layuka ba, ka zuba kuɗin mutum a rijiya. Daga 2015 da aka fito da 1GD da 2GD, masu lita 2.8 da 2.4, an huta da bel ɗin taimin tunda sarƙa ce, amma wajen mai sun fi na baya ƙyanƙyami.

Shi ya sa abu na farko da nake faɗa wa sabon yaro shi ne kada ya kuskura ya lalubi yoyon bututun nan da hannu inji yana aiki. Man yana huda fata ya shige nama. Tsohuwar dabarar sassauta bututu a fitar da iska, wadda maigidana na farko ya koya mini da mari, ta zama haɗari a kan waɗannan injina. Kuma kowane nozul yana da lambobinsa a kai da sai an shigar wa ƙwaƙwalwar motar da sikana, na'urar da ake jona wa mota a duba ta. Ka ɗaura ba ka shigar ba, ta tashi tana ƙwanƙwasa, a ce ba ka iya aiki ba.

Motar ba ta ɓoye ciwonta. A ƙasan filtar mai akwai wurin da ruwa ke taruwa, in ya cika fitila ta kama a dasbod, a kwance ɗan murfi a tsiyaye, aikin minti biyar. Na sha ganin direban da ya liƙa baƙin salatif a kan fitilar, wai tana damun oga. Sai filtar jabu, kwalinta ba ya da maraba da na gaske. Ina da zarto na musamman da nake yanka tsohuwar filta in nuna wa mai mota cikinta, wata takardar ba ta kai rabin ta gaske ba. Da hunturu kuma filtar iska ce, yaro a bakin titi ya hura ta da iska mai ƙarfi ya yaga ta, ƙura ta wuce ta cinye fukafukan tobo, abin da ke tura wa inji iska.

Maganar garanti kuwa wani ciwon kai ne daban. A can sai ka ɗau hotuna, ka rubuta rahoto, a aika sama, a jira. Makonni su wuce amsa ta dawo cewa gurɓataccen mai ne, garanti bai shafe shi ba. Kuma gaskiya suka faɗa. Amma wanda ya rubuto amsar yana can cikin sanyi, kai ne za a turo ka fito ka yi wa Alhaji bayani da baƙin mai a hannunka, shi kuma abin da ya sani kawai sabuwar mota ya saya.

Sai motoci 'yan Turai, waɗanda ake kira beljiyam. Suna zuwa da matattarar hayaƙi a salansa, wadda aka yi don tsabtataccen mai da doguwar tafiya, saboda sai ta yi zafi sosai take ƙone baƙin gawayin da ta tara. Motar da rayuwarta daga Kurna zuwa Bata ce cikin cunkoso, yaushe za ta samu wannan? Ta toshe, ƙwaƙwalwa ta rage mata ƙarfi, ta koma tafiyar hawainiya. Duk wanda ya nemi shawarata kafin ya saya, ce masa nake ya leƙa ƙarƙashinta tukuna. Yawanci sai sun saya suke zuwa.

Da na buɗe wurina na ɗauka na rabu da duk wannan. Wasu na rabu da su. Yanzu ina zaunar da direba a benci in saya masa shayi, in bar shi ya yi ta zuba har gaskiya ta kuɓuce masa. Ina iya kai nozul a gwada a na'ura, in biyu ne suka mutu biyu zan canza. Ɗan bawul ɗin da ke jikin famfon 2KD, wanda ke sa mota ta riƙa mutuwa a tsaye, shi kaɗai nake canzawa ba famfo gaba ɗaya ba. Amma na rasa siton kamfani da kwamfutarsu, sai na tara kuɗi na sayi sikanata, ga janareta, ga bashi. Da aka saki Naira a watan Yunin 2023, Dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, a lokacin farashin da mai kaya ya ba ni a Sabon Gari da safe ba lalle ya kai La'asar ba. Na daina faɗin kuɗin kaya sai na buga waya a gaban mai mota. Litar gas ma da ta haura Naira 1,000, sai sirki ya ƙara zama sana'a. Ko da matatar Dangote ta fara fitar da gas a 2024, tsakanin matata da tankin motarka akwai tanka, akwai tankin ƙasa na gidan mai da ruwan damina ke samun hanya, akwai jarka. Ba mamaki da yawancin masu sayen Hilux a nan suke gudu wajen mai fetur, mai lita 2.7. Kuma in faɗi gaskiya, yanzu da ni ke biyan yara, na kama kaina ina duba agogo kamar foman ɗin nan da na tsana.

Jiya da hantsi aka kawo wata Mitsubishi L200 ta wani ɗan kasuwar Dawanau, tana farin hayaƙi tana karkarwa. Na miƙa wa yarona roba da tiyo. Direban, dattijo ne da ya girme ni, ya ga abin da ke gangarowa, sai ya jawo ni gefe ya rage murya.

"Maigida, don Allah a rufa mini asiri. Sau ɗaya ne, mai ya yanke mini bayan Ɗambatta."

Na ce, "Baba, ni ba zan kira Alhaji in kai ƙararka ba. Amma in ya tambaye ni, robar nan zan nuna masa. Gara ka riga ni."

Ya daɗe yana kallon robar, sannan ya ciro wayarsa ya koma bayan gareji. Mun sauke tankin, filta na hanya daga Sabon Gari, nozul ɗin kuma sai gobe za mu ji sakamakon gwaji.